Igiyar Baya

Shekara goma sha tara na yi ina jan shanu daga kara zuwa mayanka a Oko-Oba, ban taɓa kwana a asibiti ba sai a shekarar da sojoji suka miƙa mulki. Agege ta cika da murna, kowa na cewa an samu canji, ni kuwa ina kwance rigingine ina kallon rufi, an saƙala mini wani abu a wuya kamar bakin bokiti.

Aikinmu na mutum biyu ne. Sa ɗaya, igiya biyu, ɗaya a ƙaho ɗaya a ƙafar baya. Na gaba shi ke ja, shi ke fuskantar ƙahon. Na baya ba ya jan komai, aikinsa guda ne: idan san ya zabura zai soki na gaba, sai ya fizge ƙafar, san ya durƙushe. Ran na gaba a hannun na baya yake, shi ya sa ake karɓa-karɓa. Wannan sa kai ne a gaba, na biye abokinka ne, kuma ba a tsallake layi ko da kwana ya shiga tsakani, ko da wata. Haka muka tarar ana yi.

Abokin igiyata ɗan garin mahaifina ne. Ni haifaffen Agege ne, ni na tarbe shi a tashar jirgin ƙasa da 'yar jakarsa, ni na koya masa Yarbanci, ni na nuna masa yadda ake ɗaura igiya a ƙafar sa ba tare da ya sha harbi ba. Yaya yake ce mini. Shekara goma sha ɗaya muna cin tuwo a kwano ɗaya.

Ran da abin ya faru ni ne a gaba, da wani jan sa mai dogon ƙaho wanda tun daga kara yake huci. Mun kusa shiga mayanka sai wani Alhaji, babban dillali, ya fito daga mota. Abokina ya ajiye igiyarsa ƙasa, ya taka ta da ƙafa a kan simintin da jini da ruwa suka jiƙa, ya miƙa hannu biyu yana gaisuwa har da rusunawa. Ta saman tozon san na hango shi, ba labari aka ba ni ba. Kafin in buɗe baki san ya ɗauke ni ya haɗa da bango.

Ƙafafuna suka tafi tun a ranar. Hannun hagu ya zama na ado. Na dama yatsa uku ne kawai ke jin magana, su ma sai an lallaɓa.

Sau ɗaya abokin nawa ya zo asibiti, da lemo a leda. Ya tsaya a bakin gado ya ce, "Yaya, ƙaddara ce, sai haƙuri." Daga baya na ji abin da ya gaya wa mutane a mayanka: wai igiya ce ta tsinke, kuma wai ni na sayo ta, ruɓaɓɓiya, don son araha. Wato ni na karya wuyana da kaina. Akwai waɗanda suka ga abin da ya faru, na san akwai, amma kowa ya ja bakinsa ya yi shiru, don ba wanda ke son ya shiga maganar da mai ita ba ya nan.

Sarkin fawa ba ya sauraren ƙara ta bakin ɗan aike. Mai ƙara shi ke zuwa da kansa ya faɗi abin da ke ransa a gaban jama'a. Maƙwabta sun ce za su goya ni su kai ni, wani ya ce zai kawo baro. Na ce a'a. A mayanka abin da ake goyawa ko ake turawa a baro nama ne, kuma ba zan shiga wurin da na yi shekara goma sha tara ina takawa a bayan wani kamar cinyar sa ba. Keken guragu na hannu kuwa sai mai hannu biyu. Haka na kwanta shekara biyu a ɗaki ɗaya kusa da layin dogo, jirgi na wucewa kwanuka na rawa, matata na toya waina a ƙofar gida don mu ci. Ban yi wani aiki a shekarun nan ba sai tsanar mutumin nan, kuma na yi ta da kyau, safe da yamma.

Wata mai sayen waina ce ta ba matata labarin wani wurin gashin ƙashi can wajen Oshodi, inda masu taimako daga waje suka aiko da kekuna masu batir, tokumbo, wato waɗanda aka riga aka yi amfani da su, 'yan kaɗan. Wani maƙwabcinmu direban danfo, ƙaramar bas ta haya, ya cire kujerar baya, aka shimfiɗa ni, muka tafi.

Likitar wurin Bayarabiya ce, 'yar ƙarama, mai tabarau. Ta daɗe a ƙasar waje, sai da sojoji suka tafi ta dawo. Da Yarbanci muke magana. Ta duba yatsuna ɗaya bayan ɗaya, ta sa na matse mata hannu, sannan ta nuna mini kekunan a jere an lulluɓe su da leda. Amma ta ce ba a hawa sai an ci jarrabawar na'ura tukuna, don keken ya fi ƙaramin maraƙi nauyi, idan ya take ƙafar mutum sai ya karya ta. Wannan maganar ta ƙarshe na ajiye ta a raina, ban nuna mata ba.

Na'urar a wani ɗan ɗaki take. Kujera ce aka kafe a ƙasa, da wata 'yar sanda a hannun dama kamar giyar mota, da kwamfuta mai babban gilashi a gabanka. Idan ka tura sandar gaba sai gidan da ke cikin gilashin ya taho maka, kamar kai ne ke tafiya a ciki. Gidan Turawa ne, fes, ba kwata, ba kaji, ba ɗan acaɓa. Akwai lungu, akwai ƙofofi, akwai kicin da tebur a tsakiya, akwai mutane kamar an sassaƙa su da katako suna gilmawa ba sallama. Duk abin da ka buga sai na'urar ta yi ƙara, gilashin ya yi ja, ta kuma rubuta.

Na ce mata, "Madam, wannan ai gem ne na yara. Ni da na ja shanu, a ce sai na yi wasan telebijin?"

Ta ce, "Oga, to ci mu gani."

Ban kai ƙofar farko ba na bugi bango sau uku. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ba ta gaba nake bugawa ba, ta baya ne. Da na ga bango ya taho sai in damƙe sandar in ja ta da duk ƙarfin da ya rage mini, sai keken ya yi baya a guje ya daki abin da ke bayana. Ta ce in saki kawai, da an saki sandar keken yake tsayawa cak. Na ce na ji. Muka sake, na sake ja. Sati biyu muna zuwa, ranar Litinin da Alhamis, idan wuta ta ɗauke mu zauna jiran janareta, kuma ba abin da ya canza. Wata tsohuwa mai shanyewar ɓarin jiki da muka fara tare har ta wuce kicin ta shiga titi, ni ina nan ina kokawa da bangon farko.

Wata rana likitar ta kashe na'urar ta jawo kujera. Ta ce, "Wane aiki kake yi kafin ciwon?"

Na gaya mata. Na ce mu a wurinmu idan abu ya taho maka riƙewa ake yi a ja, wanda ya saki ya kashe mutum. Tun ina ɗan shekara ashirin tafin hannuna bai san wani abu ba sai wannan.

Ta kalli hannun, sannan ta ce, "Ba kanka ne bai gane ba, hannun ne. Shi za mu koya wa."

Ranar na koma gida raina a ɓace. A ce sakin igiya ne ya kwantar da ni, kuma a ce ba zan tashi ba sai na koyi saki. Na yi kwafa har matata ta tambaye ni ko wani abu ne ke ciwo.

Dabarar likitar ba ta da wani sirri. Ina cikin tuƙi sai ta lallaɓo ta bayana ta buga farantin ƙarfe, ni kuma in buɗe yatsu nan take. Ta koya wa matata. A gida sai ta sa mini muciya a hannu, ta ci gaba da harkokinta kamar ta manta, can sai in ji ƙarar murfin tukunya a kunnena. Idan muciyar ta faɗi ƙasa na ci, idan na damƙe ta na faɗi. Matar nan ta ji daɗin wannan aiki fiye da yadda ya kamata. Na ce mata, "Ke dai kin samu hanyar rama shekarun da na yi ina miki faɗa." Ta ce, "Malam, likita ce ta sa ni, ni mai bin umarni ce." Sai da muka fi wata guda kafin muciyar ta fara faɗuwa da kanta.

Daga nan abin ya yi sauƙi. Na wuce lungu, na wuce ƙofofi, na zagaye teburin kicin ba tare da na taɓa shi ba. Sai na shiga matakin titi, inda mutanen katako suke da yawa. A cikinsu akwai wani mai riga rawaya, dogo, kafaɗarsa ɗaya ta ɗan sauka, yana gilmawa daga hagu a daidai wata kwana. Ganin farko na gane shi. Tafiyar abokin igiyata ce sak, ko kuwa ni ne na ga dama na gan ta haka. Na tura sandar har ƙarshe na bi ta kansa. Gilashin ya yi ja, na'urar ta yi ƙara, ni kuwa na ji wani sanyi a ƙirjina wanda rabona da shi tun ina da ƙafa.

Na mayar da shi abin yi. Nakan kauce wa kowa, mata da yara da mai kare, in rage gudu, in daidaita, in jira mai riga rawaya. Na gano cewa idan na ba shi taku biyu kafin in tura, matakin ƙafar keken a ƙwauri yake samunsa. Ina zaune a ɗakin nan mai sanyi ina lissafa yadda za a yi a Oko-Oba: ta ina zan shigo, a ina yake tsayawa da safe, wace ƙafa zan fara ɗauka.

Na manta na'urar tana rubutawa. Wata Alhamis likitar ta shigo da takarda a hannu, ta rufe ƙofa, ta bar matata a waje.

Ta ce, "Sati uku ba ka taɓa bango ba. Ba ka taɓa kowa ba sai mutum ɗaya, kullum shi, kullum da cikakken gudu. Wane ne shi?"

Na ce, "Madam, hoto ne."

Ta ce, "Ni ma na san hoto ne. Wane ne?"

Ta cire tabarau ta goge. Ta ce kekunan ba su da yawa, masu jira kuwa suna da yawa, kuma aro ake bayarwa, ran da ta ji na taɓa wani da shi ranar za ta aiko a ɗauke. Ta ce idan na sake bugun mai riga rawaya ko sau ɗaya ne ta cire sunana.

Ba zan yi ƙarya in ce maganarta ta shiga zuciyata ba. Tsoron rasa keken ne ya shige ni. Na ce a raina, bari in ba ta abin da take so. Daga ranar, duk lokacin da mai riga rawaya ya ɓullo sai in buɗe yatsu, in tsaya, in bar shi ya wuce lafiya, ina zaginsa a ciki har iyayensa na katako. Ta riƙa ɓullo mini da shi ta inda ban zata ba, ta dama, ta bayan mota, daga bakin ƙofa. Na tsaya masa ya fi a ƙirga. Na ci jarrabawa, na yi sati biyu ina zagaye tsakar gidan wurin da keken gaske, sannan danfo ya kawo mu Agege ni da shi. Mai gidan burodin layinmu ya ce in riƙa cajin batir a janaretansa.

Kwana huɗu na yi ina gwada shi a unguwa. Na biyar, bayan sallar asuba da gari ya waye, na sa matata ta sa mini farar riga da hula, na kama hanyar Oko-Oba. Ta biyo ni a ƙafa ko da na ce ta zauna. Titin Legas ba na cikin gilashi ba ne. Tayar gaba ta maƙale a layin dogo sai da wasu masu tallan burodi suka ɗaga ta, 'yan acaɓa suna ta yi mini hon suna dariya, wani kwandasta ya leƙo daga danfo ya ce, "Oga, wannan jirgin ina za shi?" Ban kula kowa ba.

Warin mayanka ya tarbe ni tun daga ƙofa, hayaƙin babbaka da jini da kashin shanu, sai da idona ya kawo ruwa. Mutane suka fara juyowa. Wasu suka taho da gaisuwa, ban tsaya ba. Na hango abokin igiyata a bakin hanyar da ake shigo da shanu, ya ba ni baya, yana naɗe igiya a gwiwar hannu. Ya yi ƙiba. Kusa da shi sabon abokin aikinsa ne, wani baƙo ɗan Nijar da ya zo bayan na kwanta.

Siminti ne shimfiɗaɗɗe tsakanina da shi. Na daidaita, na tura sandar har ƙarshe. Na ji matata ta kira ni, ban waiga ba. Saura kamar taku uku sai ya ji ƙarar injin ya juyo, ya ɗan gilma ta hagu. Yatsuna suka buɗe da kansu. Keken ya tsaya cak, matakin ƙafar bai fi tafin hannu da ƙwaurinsa ba.

Wallahi ba ni na saki ba. Na kalli hannun nan a buɗe a kan cinyata, na tsine wa likitar da farantinta, da matata da murfin tukunyarta. Wata uku suna aiki a kaina ashe wannan suke shiryawa.

Abokin nawa ya yi tsuru-tsuru. Ya ce, "Yaya, kai ne? Sannu da zuwa, ya jiki?"

Jama'a sun riga sun zagaye mu. Aka kira sarkin fawa, ya taho a hankali da sandarsa, tsoho ne tun a lokacin. Ya ce, "Ka zo da kanka. To muna jin ka."

Shekara biyu ina tsara abin da zan faɗa, amma da na ga igiyar a hannun mutumin nan sai wata magana dabam ta zo mini. Na ce, "Ranka ya daɗe, ba ƙara na kawo ba, aiki na dawo. San ƙarshe da muka ja da wannan, ni ne a gaba. Yau shi ne a gaba, ni ne a baya. A kawo sa, a ba ni igiyata."

Wani ya fara dariya, ya ga ba wanda ya taya shi, ya haɗiye. Sarkin fawa ya ce, "Layinsa ne. Ba a tsallakewa."

Abokina ya ce, "Ranka ya daɗe, a duba hannunsa mana. Ko cokali ba ya riƙewa. Kashe ni za a yi?"

Na ce, "Kai hannu biyu gare ka ran nan, lafiyayyu. Ina ka kai su?"

Gumi ya keto masa har ta wuyan riga. Sarki ya ɗaga kai ya dubi 'yan jan shanun da ke tsaye, sun fi ashirin, yawancinsu na san su tun suna sababbi. Ya ce, "Gaskiya ne hannunsa ba zai riƙe ba. To wa zai riƙe wa wannan baya a madadinsa?"

Ba wanda ya motsa. Wani ya sunkuyar da kai, wani ya juya yana kallon hayaƙin babbaka. Sarki ya sake tambaya, a hankali, ya ba su lokaci. Can sai wani dattijo daga cikinsu, wanda ko sau ɗaya bai leƙo ni ba a shekara biyun nan, ya ce, "Igiyar nan ba ta tsinke ba. Ni na kwance ta daga ƙafar san, lafiyarta ƙalau."

Ɗan Nijar ɗin ya kalli dattijon, ya kalli mutumin da ya yi wata da watanni yana ba wa bayansa. Ya ajiye tasa igiyar a ƙasa ya ce, "Ni kam ba ni ƙara shiga gabanshi." Ya koma cikin mutane.

Sarki bai yanke hukunci ba, bai kori abokina ba, ya juya ya tafi. Ba a jan sa da mutum ɗaya, kuma ba wanda ya ƙara yarda ya haɗa igiya da abokin nawa. Sati bai cika ba ya koma ɗaukar fatu, ɗanyu, daga mayanka zuwa rumfar masu gishiri, aikin da baƙon da ya sauka jiya yake farawa da shi.

Matata ta ce tunda gaskiya ta fito sai in bar wa Allah sauran. Ban bar ba. Hanyar masu ɗaukar fatu ɗaya ce, siririya, ta gefen rumfar mai shayi. Kowace safiya nakan je in tsayar da kekena a daidai bakinta, ba a tsakiya ba, yadda sai ya karkata kafin ya wuce. Idan ya taho da fatar a ka, jini na ɗiga masa a wuya, sai in ce, "Sannu da aiki." Kuma ba na matsawa sai ya amsa.